Ƙafar Doki Kafin Sirdi: Yadda Muka Gyara Tsohuwar Mota Mai Buɗaɗɗen Sama

A wannan fitowa za mu ɗan kauce daga maganar cefane da kuɗin makaranta, mu leƙa gareji. Dalili kuwa shi ne, tun ranar da aka fara ganin wata 'yar jar mota mai kujera biyu tana fita daga lungunmu na New Bell, matasa suke ta tare mu a hanya da tambayoyi: nawa aka saye ta, nawa gyaranta ya ci, kuma ko su ma su nemi irinta? Tun da tambayar ta yawaita, muka ga ya kyautu mu ba da amsa sau ɗaya a rubuce, domin iyaye ma su karanta, tun da yake galibi aljihunsu ne yake ɗaukar ƙarshen irin wannan sha'awa.

Motar da asalinta

Motar ta ƙanenmu ce, mai tsaron shago a kasuwar Mboppi. Ya saye ta a watan Yuni na 2023 daga hannun wani mutum a Bonaberi, wanda shi ma a hannun wani ya same ta. Sunanta BMW Z3, ƙirar 1998, mai injin lita 1.9. Kamfanin na Jamus ne, amma wannan samfuri a Amurka aka riƙa haɗa shi, a masana'antar Spartanburg da ke jihar Karolina ta Kudu, daga 1995 zuwa 2002, kuma an ƙera kusan guda 300,000. Duniya ta fara saninta ne a fim ɗin James Bond mai suna GoldenEye na 1995. Kujerunta biyu ne rak, samanta na tamfol ne da ake naɗewa baya, cikinta kuma ya kusa taɓa ƙasa. Da Faransanci kabriyole ake ce wa irinta.

Yadda irin waɗannan motoci suke isowa gare mu ba ɓoyayyen abu ba ne. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali, sai kasuwar tsofaffin motocin Turai ta buɗe. Dillalai kan tara su a birnin Brussels, musamman a kewayen titin Heyvaert, a ɗora su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a tashar Duwala. Mu a nan konjele muke ce musu, wato daskararru, kamar kifin da ake kawo mana cikin ƙanƙara. 'Yan'uwanmu na Kano da Zariya kuwa sukan ce Beljiyam ko 'yar Kwatano. Abin lura a nan shi ne, mota mai shekara 25 ta riga ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, sannan ta zo ta sha ruwan Duwala, garin da ruwan samansa yakan haura milimita 3,500 a shekara, alhali na Kano da ƙyar yake kaiwa 1,000. Gishiri da ruwa kuwa su ne abincin tsatsa.

Gardamar da aka yi a gida

Bayan ya biya kuɗin motar, abin da ya rage wa ƙanen namu na gyara sefa 600,000 ne, ga shi kuma an riga an sa ranar aurensa a watan Janairu na 2024. Lissafinsa ya gama shi tun a shago: zai sa a yi wa kujeru sabuwar riga ta jar fata, ya sauya kafet, ya ɗaura rediyo mai manyan lasifikoki, ranar ɗaukar amarya kuma motar ce za ta shige gaba. Da muka tambaye shi ko an duba ƙasanta, sai ya tayar da injin ya ce mana, "Yaya, ka ji dai da kunnenka, lafiya lau take. Kujerun nan ne kawai abin kunya."

Mahaifiyarmu ta fito ta zagaya motar sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta ce, "To ni in za ka kai ni asibiti da jikata, ina za mu zauna?" Aka yi dariya, amma babu wanda ya ba ta amsa. Mahaifinmu kuwa, wanda ya tashi a Garwa a gidan da ake ɗaure doki, bai ce komai ba sai da aka watse. Sannan ya kira yaron ya ce, "A garinmu in mutum zai sayi doki, ƙafa yake fara dubawa da kofato. Sirdi da linzami kullum suna kasuwa. Gobe yayanka ya raka ka a duba mata ƙafa, kafin ka kashe ko dala." Ya amsa da "To, Baba," amma fuskarsa ta nuna bai so ba.

Abin da aka gani a kan rami

Muka kai ta wurin wani dattijon makanike da garejinsa yake tsakanin Mboppi da Camp Yabassi, mutumin da ya tsufa a gyaran motocin Jamus. Bai ko buɗe gaban motar ba. Ya sa aka ɗaga ta, ya ce wa ƙanenmu, "Ɗana, zo ka kama tayar nan da hannu biyu, sama da ƙasa, ka girgiza." Yana girgizawa sai muka ji ƙwas-ƙwas, tayar tana wasa kamar haƙorin da ya kusa fita. Dattijon ya nuna mana wata 'yar gaɓa mai kai kamar ƙwallo, wadda take haɗa ƙafar taya da hannun ƙarfen da ke riƙe da ita. 'Yan gareji a nan rotil suke ce mata, a Kano kuma boljoyin. Robar da ke rufe ta ta yage tuntuni, giris ya fice, yashi da ruwa sun shiga sun cinye ta. Ya ce ranar da ta fice daga gurbinta, tayar za ta kwanta a ƙarƙashin mota, kuma sitiyari ba zai ƙara jin magana ba. Duk wanda ya taɓa ganin tasi a mahaɗar Ndokoti ta durƙusa da taya ɗaya a karkace, to wannan gaɓar ce ta yi masa aikin. A cikin cunkoso abin yakan tsaya a jin kunya da tare hanya. A kan babbar hanyar Yawunde kuwa, inda manyan motoci suke tafe a baya, sai dai addu'a.

Da aka sauke ta, ya danna kusurwar motar da ƙarfinsa ya saki, sai ta yi ta lilo sau uku ko huɗu kafin ta tsaya. Lafiyayyiyar mota sau ɗaya take tasowa ta natsu. Wannan aikin amortisa ne, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya suke kira shokozoba. Sifirin shi ne yake ɗaukar nauyin mota, amma in an bar shi shi kaɗai tsalle zai yi ta yi. Amortisa kuwa bututu ne mai mai a ciki, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi, wannan tirjiyar ce take kashe tsallen. Idan man ya tsiyaye, taya takan riƙa barin kwalta tana dawowa, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana. Uku daga cikin huɗun motar sun yi baƙi da man da ya zubo.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na ƙarshe. Dattijon ya ɗauki sukundireba ya riƙa caka ƙarfen da ke ƙarƙashin dokin ƙofa, daga gaba zuwa baya. A kusa da tayar baya ta hagu sai ta shige kamar an caka gurasa. Ya bayyana mana cewa a motar da ke da rufin ƙarfe, rufin yana cikin abin da ke riƙe gangar jiki. Ita kuwa mai buɗaɗɗen sama, duk ƙarfinta yana ƙasa, a daɓenta da waɗannan dogayen ƙarafa biyu na gefe. Ya ɗauko kwalin sabulu ya cire murfinsa ya murɗa, kwalin ya lanƙwashe nan take. Ya ce, "Ga motarka nan in tsatsa ta gama da gefen nan. Ko ka sa mata sabuwar ƙafa, babu abin da ƙafar za ta kama." Ya kuma ɗaga shimfiɗar but ya duba waldar daɓen da ke saman ƙafafun baya, domin masu irin wannan mota sun san wuri ne da ake sa wa ido, Allah ya taimake mu, nan lafiya yake.

Ƙanenmu ya yi shiru, ya samu wata tsohuwar taya ya zauna. Can ya ce, "Baba, nawa zai ci?" Da aka buga lissafi, aikin ƙasa kaɗai ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗinsa.

Yadda aka bi aikin

Sa'a ɗaya da aka yi ita ce, wannan mota ba ita kaɗai take da irin ƙafarta ba. Tsarin ƙafafun gabanta an ɗauko shi ne daga BMW mai lamba 3 ta shekarun 1990, wadda makanikai suke kira E36, na bayanta kuma daga wadda ta gabace ta, E30. Waɗannan biyun sun yi yawa a titunanmu, saboda haka hannayen ƙarfe na gaba, da sandunan sitiyari, da yawancin robobi ana samunsu a shagunan kayan gyara na Camp Yabassi ba tare da an yi odar su daga waje ba. Sifirin da amortisa ne kawai sai an nemi nata na kanta, domin nauyinta, wanda bai wuce kimanin kilo 1,200 ba, da tsayinta sun bambanta. Dabarar da muka koya ita ce a je kasuwa da tsohon ƙarfen a hannu, da kuma lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 da ke rubuce a kart giriz, a gwada a tabbatar kafin a biya.

Walda aka fara. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin har sai da ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, ya yanko sabon faranti mai kauri daidai da na asali ya liƙa, aka shafa maganin tsatsa ciki da waje. Muna jan hankalin masu karatu a nan, domin akwai masu cike irin wannan rami da ƙullun gyaran jiki su fesa fenti, ya yi kyau a ido, alhali ƙullu ba ya ɗaukar nauyi.

Daga nan aka sauya hannayen gaba biyu tare da rotil ɗinsu, da sandunan sitiyari, da robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wato silambulok ko bushin. Roba tana tsufa ko da mota tana ajiye. Zafi da man inji suna busar da ita ta tsattsage, alamarta kuma ita ce rawar sitiyari lokacin taka birki, da ƙara a duk ramin da aka faɗa. Abubuwa uku muka ga dattijon ya dage a kansu. Na farko, da injin matsi ake shigar da roba, ba da guduma ba, domin guduma tana raunata ta tun ba ta fara aiki ba. Na biyu, ba a ƙarasa ɗaure notin roba sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, cikin 'yan watanni ta yage. Na uku, duk abin da aka sauya a dama, a sauya ɗan'uwansa na hagu, musamman amortisa, don kada mota ta riƙa ja gefe guda.

Akwai kuma maganar tsaron rai a garejin kansa. Sifirin ɗin gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya karya muƙamuƙin mutum, don haka da na'urar matse shi ake cire shi, ba da igiya ko waya ba. Haka nan ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, ko bulo. Sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe. Yaranmu da yawa suna koyon aiki a garejoji, ya kamata iyaye su riƙa tambayarsu yadda ake yi a inda suke.

Ƙanenmu ya kawo wata shawara da muka san da yawa za su kawo: tun da titunan unguwa ramuka ne da tudun rage gudu, me zai hana a sa mata sifirin na babbar mota ta ɗaga sama? Dattijon ya ƙi. Ya ce in an ɗaga ta fiye da ƙima, tayoyi za su tsaya a karkace su riƙa cinyewa ta gefe, amortisa zai riƙa kaiwa ƙarshensa yana bugawa, kuma motar za ta rasa natsuwarta a kwana. Sabon sifirin nata na asali ma ya ɗaga ta kaɗan, domin tsofaffin sun riga sun zauna. Sauran kuma sai direba ya koyi hawa tudu a karkace, a hankali, ya kuma haƙura da wasu lunguna a watannin Yuli da Agusta.

Tayoyi su ma sai da aka sauya, ko da yake zanensu bai gama cinyewa ba. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Na motar sun nuna 2012, wato sun haura shekara 10, robar ta bushe ta yi tauri. Mai sayen taya ta hannu ya riƙa duba wannan lamba. Aka zuba sabon man birki, domin yana shan danshin iska, kuma ƙa'ida a sauya shi duk shekara 2, balle a gari mai laima irin namu. Daga ƙarshe aka kai ta wurin masu daidaita ƙafa da na'ura, domin duk wanda ya taɓa sandunan sitiyari bai daidaita ba, sababbin tayoyinsa zai cinye.

Araha ba ta ado

A nan ne muka yi kuskuren da ba za mu ɓoye ba. Ganin kuɗi yana ƙarewa, wani ɗan kamasho ya tare ƙanenmu ya ce zai samo masa amortisa na baya sababbi a kwali da rabin farashi. Mu ma da ya nuna mana, muka ga suna ƙyalli, muka ce a saya. Dattijon ya juya su a hannu ya ce bai yarda da su ba, amma muka matsa masa ya ɗaura. Mako biyu ba su cika ba mai ya fara zuba. Ashe tsofaffi ne aka wanke, aka fesa musu fenti, aka sa a kwali. Ɗan kamashon kuwa ko ƙurarsa ba mu sake gani ba. Sai da aka sake sayen wasu a shago mai rasit, aka sake biyan kuɗin aiki. Sefa 45,000 suka tafi a banza, kuma daga kuɗin kujeru aka cire su. Tsohon ƙarfe mai kyau da aka ciro daga wata mota ba laifi ba ne a abin da ba ya motsi, kamar murfi ko hannun ƙofa. Amma roba, da rotil, da amortisa, da kayan birki, sababbi ake saya, a wurin wanda yake da shagon da za a iya komawa gobe.

Ruwa kafin ado

Da aka gama da ƙasa, ƙanenmu ya ɗauka yanzu sai kujeru. Mai ɗinkin kujerun mota da muka je wurinsa, wato tafisiye, shi ma ya dakatar da shi. Ya ɗaga kafet ya matsa soson da ke ƙarƙashinsa, sai ga ruwa yana tsiyaya ta tsakanin yatsunsa. Ashe warin da muke ji a motar na fumfuna ne. Ya ce, "Alhaji ƙarami, in na ɗinka maka fata yau, damina ɗaya za ta yi ta yi kore. Toshe inda ruwa yake shiga tukuna."

Hanyoyin ruwan uku ne. Robobin da ke tsakanin tamfol da gilasai sun bushe sun daina kamawa. Tagar baya, wadda ta leda ce mai haske, ta yi rawaya ta tsage a inda take naɗewa. A wannan mota da zif take haɗe, don haka ita kaɗai aka sauya ba tare da an taɓa tamfol ɗin duka ba. Sannan ƙananan magudanan da aka yi don ruwan rufi ya bi ya fita ta ƙasa sun toshe da ƙasa da ganye, ruwan ya rasa hanya ya koma cikin mota. Da siririyar waya da ruwa aka buɗe su, kuma bai ci ko sisi ba. Aka fitar da kujeru da kafet gaba ɗaya, aka wanke, aka shanya kwana huɗu a ranar watan Disamba, aka goge daɓen aka shafa masa maganin tsatsa. Wayoyin lantarki suna bi ta ƙarƙashin kafet, ruwan da ya kwana a nan shi ne yake haifar da cututtukan wuta da kan gagari mai gyara.

Gargaɗi biyu a kan cikin mota. Kafin a cire kujera a fara cire kan batir a ɗan jira, domin akwai wayoyin da suka shafi na'urar tsuke bel da jakar iska ta kariya. Idan kuma fitilar jakar iska ta kama a gaban direba, a nemi dalilinta. Masu cire ƙwan fitilar don ido ya huta suna yaudarar kansu ne, in kuma sayarwa za su yi, sun yaudari mai saye. Haka nan bel ɗin da ya fara zarewa ba a kai shi wurin tela, sauya shi ake yi. Kujerar direba kuma da take gaba da baya in an taka birki, wasu 'yan robobi ne a kan dogon ƙarfen da take gudu a kai suka cinye, aka sauya su da kuɗi kaɗan.

Ranar biki da bayanta

Da aka kai nan, abin da ya rage a hannunsa bai kai na fata ba. Ya zo mana da maganar ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin lefe. Muka ce masa ba a fara zaman aure da bashin kujera. Tafisiyen ya cike soson da ya lotsa a gefen kujerar direba, ya ɗinka musu riga ta yadi mai kauri, ruwan toka, wadda ake cirewa a wanke. Mako guda kafin biki muka gwada motar a hanyar Edea, kimanin kilomita 60 daga Duwala, muka haye gadar Dibamba muka dawo. Babu ƙara, babu rawar sitiyari, birki kuma yana kamawa a miƙe. Aka kai ta bizit teknik ta wuce. Ranar biki ita ce a gaba kamar yadda ya yi buri, kuma a cikin duk waɗanda suka yi ta ɗaukar hoto babu wanda ya tambayi irin rigar da ke jikin kujerun.

Fatar sai a watan Disamba na 2024 aka yi ta, bayan ya tara kuɗinta a hankali. A nan ma mun ƙaru. Ya so a yi da jar fatar akuya irin ta dukawanmu, wadda ta yi suna tun zamanin da fatake suke ƙetare Sahara da fatun Kano da Sakkwato, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Tafisiyen ya ce fatar akuya ƙarama ce kuma ba ta da kaurin da zai jure zama da tashi. Ta saniya ake yi wa kujera. Sai aka yi kujerun da fatar saniya mai ruwan ƙasa, domin baƙa tana ƙuna in rana ta buge ta, aka naɗe sitiyari da kan giya da jar fatar akuya. Tsohuwar rigar kujera ita aka farke aka yi awo da ita, aka ɗinka da zaren roba mai jure rana da danshi.

Amsarmu ga masu tambaya

Ga matashin da yake sha'awar irin wannan mota, ga abin da muka gani da idonmu. Kada ka biya sai ka kai ta kan rami tare da makaniken da kai ka zaɓa. Ka ware aƙalla rabin kuɗin sayenta don gyara, in ba ka da shi ka jira. Ka bi aikin daki-daki: tsatsa, ƙafa da birki da taya, hanyoyin ruwa, sannan kujeru. Ka sama mata rumfa, domin tamfol ba ya son kwana a ruwa, ka kuma riƙa buɗe magudananta kafin kowace damina. Ka tabbata takardunta da inshorarta sun cika. Sannan ka sani mota ce ta mutum biyu. Ba a ɗora yaro a cinya a cikinta, ba a kuma zama a kan murfin baya don an ga sama a buɗe, ko da ranar biki ce.

Ga iyaye kuma, hani kai tsaye ba ya cika aiki a kan saurayin da ya riga ya ƙwallafa rai. Abin da mahaifinmu ya yi ya fi: bai ce kada a gyara ba, ya dai faɗi inda za a fara, ya haɗa shi da wanda zai raka shi. Tambayar mahaifiyarmu kuwa har yanzu tana nan. Ranar da za ta je asibiti da jikarta tasi ake tsayar mata, ƙanen namu ne yake biya, kuma tun da aka yi masa haihuwa ya fara tambayar farashin mota mai ƙofa huɗu.

A nan za mu dakata. Mai ƙarin bayani ko gyara, musamman daga cikin makanikanmu da masu ɗinkin kujeru, ƙofar wannan fili a buɗe take. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a abin hawanmu. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.